Karan Awon Kananzir

Har yau in na shiga shagon mutum da rana, kafin in dubi kayan da ke kan kanta sai na ɗaga kai na dubi rufinsa. 'Ya'yana suna yi mini dariya, wai na zama sufeton kwano. Su yi ta yi. Ni na san abin da rufin ɗaki ya yi wa gidanmu, kuma har gobe ban gama hucewa ba.

Babanmu ɗan tireda ne a Rogo. Shagonsa na ƙasa ne, gadon kakanmu, a bakin kasuwa. Bangonsa kauri gare shi, in ka jingina sai ka ji kamar da randa ka jingina. Rufin azara ne aka daɓe da ƙasa, ƙofa ɗaya tana duban arewa, sai wata 'yar taga can sama wadda ko kan akuya ba zai shige ta ba. Duhu gare shi, ban musa ba. In ka shigo daga rana sai ka tsaya jim kafin ka ga inda sukari yake. Amma sanyi fa! A tsakiyar bazara, lokacin da ƙasar kasuwa ke gasa tafin ƙafa ta cikin silifas, tsofaffi kan zo sayen ashana su miƙe ƙafa har la'asar. Ƙamshinsa na sabulun wanki ne da ƙasa mai laima da ɗan warin kananzir. Ina kewar ƙamshin nan ƙwarai, kuma ban sake jin sa ko'ina ba.

Mu biyu ne maza, ni da yayana. Shi ne ɗan fari, saboda haka Baba ba ya kama sunansa, ba ya kuma duban idonsa ya yi masa magana. Haka gidanmu ya gada, kunyar ɗan fari. Ko Yaya yana zaune a gabansa, ni Baba zai duba ya ce, "Gaya wa wancan ya ɗaure bakin buhun gishirin nan." Ni kuwa bakina ba linzami, har musu nakan yi da Baba ya kore ni yana dariya. Yaya mutum ne mai shiru-shiru, ba ya son hayaniya, amma zuciyarsa irin ta Baba ce sak. Sai dai babu wanda ya taɓa gaya musu.

Da kasuwa ta yi albarka, Baba ya gina sabon shago a Karaye kusa da tasha. Bulo da siminti, rufin kwano mai walƙiya, da faffaɗar ƙofar ƙarfe tana duban yamma don duk wanda ya sauko daga mota ya yi ido biyu da kaya. Da aka ce a sa silin, cewa ya yi don me zai ɓoye kwanon da ya saya da guminsa. Ranar da aka gama fenti ya miƙo mini makullai ya ce, "Ba wancan." Yaya bai daɗe da aure ba a lokacin. Ya karɓa da hannu biyu, domin mu duka mun san Baba ba shi da wata hanyar nuna masa ƙauna da ta wuce wannan.

A shekarun nan azumi a tsakiyar bazara yake faɗowa, kuma wutar lantarki ba ta iso layukanmu ba. Inda ta iso ma sai ta ga dama. Sai Baba ya tafi Kano ya dawo da firji biyu masu aiki da kananzir, iri ɗaya, rana ɗaya, daga hannun mutum ɗaya. Ɗaya ya zauna a Rogo, ɗaya aka kai wa Yaya Karaye. Wanda bai ga irinsu ba, tanki ne a ƙasa da lagwani kamar na fitila. Ka kunna 'yar wuta a gindi, sai sanyi ya taru a sama, abin da har yau yake ba ni mamaki. In wutar ta tsaya ƙarama shuɗiya, kananzir ya daɗe. In kuwa ciki ya ƙi yin sanyi, dole ka ɗaga lagwani, sai ya kama zuƙa. Kafin a sha ruwa layi ake yi a ƙofar shagunan biyu, wannan lemon kwalba, wancan ruwan sanyi, mata kuma su aiko da zoɓo a ajiye musu.

Baba mutum ne mai awo. Ko gishirin miyar gidansa sai ya san inda ya kwana. Ya sa doka, ran Juma'a a cika tankunan biyu fal, wata Juma'ar a tsoma siririn karan gero a kowanne, a datsa da farce daidai inda jiƙa ta tsaya. Ni ne mai ɗauko karan Karaye a babur. Sai Baba ya jera su biyu a kan kanta, gindi da gindi, ya sunkuya yana dubawa.

Tun awon farko karan Karaye ya gaza. Ba kaɗan ba, gazawar da ko makaho zai ji da yatsa. Juma'a ta zagayo, haka. Ta sake zagayowa, haka. Lokacin kananzir yana wuya, mutane na yawo da kwalba suna nema, kuma kowa ya san wanda ke da tanki a ɗakinsa yana iya sayar da kwalba ɗaya biyu ta bayan fage. Tsofaffin da ke shan sanyin shagonmu kyauta su suka fara. Wannan ya yi tari, wancan ya ce, "Ai sabon aure, Alhaji, ba a rasa 'yan buƙatu." Da na sami iko a lokacin da na kwashe tabarmar daga ƙarƙashinsu.

Sau ɗaya Yaya ya kare kansa. Ya zo gaisuwa, ya durƙusa, idonsa a ƙasa, ya ce, "Baba, ɗakin ne da zafi. In ban ɗaga lagwani ba ko ruwa ba ya sanyi."

Baba ya dube ni. "Gaya wa wancan, tun da nake ban taɓa jin ɗaki ya sha kananzir ba. Bango baki gare shi?"

Tsofaffi suka kwashe da dariya. Ai ta yaya ma za a ce laifin ginin ne? Ginin da mutanen Kafin Dafga da Yammedi kan tsaya su kalla ranar kasuwa, ginin da Baba ya yi shekaru yana tarawa? A wurinsa shagon ƙasa shi ne abin kunya, na bulo shi ne ci gaba.

Amma Baba ba azzalumi ba ne, in faɗi gaskiya. Ya ce wataƙila firjin ne aka ba shi mai ciwo. Ya yi shatar a-kori-kura, muka ɗora na Rogo muka kai Karaye, muka dawo da na Karaye Rogo. Da kansa ya daidaita zaman kowanne, yana ɗora faranti da ruwa a kai yana cusa guntun katako a gindi har ruwan ya kwanta daidai. Aka cika tanki, aka jira Juma'a. Firjin Rogo mai tattali yana zuwa Karaye ya zama makwaɗaici, makwaɗaicin Karaye kuwa yana shigowa shagon ƙasa ya tuba.

Ranar da Baba ya jera karan nan, Yaya yana nan. Baba ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, ba da ni ba, ba da kowa ba, "To, ba firji ba ne."

Yaya ya tashi, ya zaro makullai daga aljihu, ya ajiye su a kan kanta kusa da karan. Ya durƙusa ya ce, "Allah ya huci zuciyar Baba." Kafin mako ya ƙare ya ɗauki matarsa ya koma Zoza wurin kawunninmu, suka ba shi gona. Inna, mahaifiyarmu, ita ma kunyar ɗan farin ta ɗaure ta, ba ta iya tsaya masa ba. Sai dai tuwon gidanmu ya daina daɗi.

Ni aka tura Karaye. Sai a lokacin na san abin da Yaya ya yi wata da watanni yana sha, domin da can tsayuwar ɗaukar kara kawai nake yi da safe in wuce. Hantsi na ɗagawa kwano zai fara ƙara, ƙas, ƙas, kamar ana jifansa da tsakuwa. Kafin azahar kyandirori sun sunkuya a cikin kwalinsu, alewa ta manne da takardarta, man shafawa ya koma ruwa. Rana na juyawa yamma sai ta shigo ta faffaɗar ƙofar nan ta zauna a jikin firji kamar an gayyace ta. Mai azumi ya zo da kuɗinsa, ka miƙa masa lemo mai ɗumi, ya dube ka duban da ya fi zagi. Me za ka yi? Ka zagaya baya ka ɗaga lagwani.

Karana na farko ya fi na Yaya gazawa. Ban tsaya gaisuwa mai tsawo ba, na dangwarar da shi a kan kanta a gaban tsofaffin nan na ce, "Baba, ga ɓarawo na biyu. Saura na uku ka aika."

Na zaci zai mare ni. Bai yi ba. Washegari ya ce in zauna a Rogo, shi ya hau mota ya tafi Karaye da makullai a aljihunsa. Shi ya cika tanki, shi ya kwana a ƙofa, ko ɗan aike bai bari ya zagaya bayan firji ba. Tsakiyar mako na kai masa saƙon Inna bayan azahar. Na same shi a tsugunne bayan firji, ya cire hula, riga ta manne da bayansa, yatsunsa a kan maɗaurin lagwani yana murzawa sama a hankali. Ya ji shigowata bai juyo ba.

"Ashe bango baki gare shi," ya ce.

Raina ya yi fari ƙal. Na ce, "Baba, akwai mai a babur. Mu tafi Zoza yanzu, kafin magariba mun dawo da shi."

Ya mayar da hularsa, ya zauna a kan akwatin lemo. "Da wane ido? In je in ce masa me? In dawo da shi ɗakin da ya mai da shi ɓarawo? Sai na gyara. Ranar da karan nan biyu suka zo daidai, ranar zan je da su a hannuna."

"Baba, magana ɗaya ce fa."

"Kai ka iya magana," ya ce. "Ni awo na iya."

Na yi faɗa, na yi magiya, na haɗa shi da kawunni, na haɗa shi da limamin unguwarmu. Ko gezau. Mutumin da ya yi shekara ashirin da wani abu bai dubi idon ɗansa ya ce masa sannu ba, ta ina zai fara da ba da haƙuri? Yana so ya je da abin da zai yi magana a madadinsa.

Nan gyara ya fara. Da farko asabari ya sa aka shimfiɗa a ƙarƙashin kwano, daga baya ya haƙura ya sayi silin ɗin da ya raina. Aka kafa rumfar zana a gaban ƙofa, ta rufe kayan da ya so matafiya su gani. Aka huda tagogi can sama don zafi ya sami mafita, aka shafe bangon yamma da farar ƙasa, aka janye firji zuwa lungun gabas. Har zana ya sa aka ɗora bisa kwanon, iskar farkon damina ta kwashe ta ta kai gidan maƙwabta. Sannan ya dasa darbejiya a yamma da shagon, ɗan tsiro da bai kai gwiwata ba, ya kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Na tsaya ina kallonsa yana ba shi ruwa da buta, na ce, "Baba, wannan kake jira ya yi inuwa?" Ya ce in ba ni da aikin yi in je in ƙaro ruwa.

Kowane gyara yakan rage tazarar karan, amma ba ya rufe ta. Da damina har su kusa haɗuwa, in fara goge babur. Sai Baba ya ce ai damina ba awo ba ce, a bazara aka yi wa wancan ƙazafi, a bazara za a wanke shi. Bazara na zuwa tazara ta sake buɗewa. Inna ta taɓa jawo ni gefe ta ce, "Kai ba ka iya ƙara wa tankin nan kwalba ɗaya ba, kowa ya huta?" Ashe Baba ya riga mu. Duk Juma'a in an cika tanki yakan liƙe murfin da laka ya danna babban yatsansa a kai.

Na je Zoza da kaina na gaya wa Yaya komai. Na same shi a gonar masara, ya yi baƙi, hannunsa ya yi kanta. Ya saurare ni har na gama, ya jingina da ƙotar fartanya ya ce, "Na ji. Amma ba kai ka auna ni ba." Duk sallah yakan zo Rogo ya durƙusa ya yi gaisuwa. Baba ya dubi bango ya ce, "Mutanen gida lafiya?" Yaya ya dubi tabarma ya ce, "Lafiya lau, Baba." Kafin la'asar ya hau kekensa. Ina tsaye a tsakaninsu kamar in haɗa kawunansu in gwara. Matarsa ta haihu, ta sake haihuwa, yaran suka tashi ba su san ɗanɗanon alewar shagon kakansu ba.

Shekaru suka ja. Azumi ya gangara ya bar tsakiyar bazara. Aka jawo wuta layin tasha, maƙwabtanmu suka sayi firjin lantarki suna yin ƙanƙara, ciniki ya koma wurinsu. Na ce mu ma mu canza. Baba ya ce in aka canza firji awo ya ɓaci, sai an fara daga farko. Haka muka zauna da tsofaffin firjinmu masu wari, ana yi mana kallon mutanen da. Darbejiya kuwa ba ta san ana jiranta ba, a hankali take abinta. Ta kai kafaɗata, ta kai indararo, ta wuce kwano ta fara baza rassa.

Kafin nan ƙafafun Baba sun fara kumburi. Ya daina zuwa Karaye, daga baya ko masallacin Juma'a sai an riƙe shi. Ya ƙi kwanciya a gida da rana, ya ce a shimfiɗa masa tabarma a shagon ƙasa, jikin bangon nan mai sanyi. Ni nake liƙa lakar yanzu, in danna nawa yatsan, bisa rantsuwar da ya sa na yi.

Wata Juma'a a tsakiyar bazara na tsoma kara a Karaye, na datsa, na kawo. Ban ma duba ba, na gaji da dubawa. Baba ya sa na ɗaga shi zaune, ya jera shi da na Rogo a kan cinyarsa gindi da gindi. Ya kai su kusa da idonsa, ya juya su wajen hasken ƙofa, ya bi datsin biyu da farcensa. Farcen ya wuce daga wannan zuwa wancan bai yi tuntuɓe ba.

Ya yunƙura zai tashi, ƙafa ta ƙi. Ya sake yunƙurawa. Sannan ya miƙo mini karan ya ce, "Kai su. Ka ce ƙafa ce ta hana ni."

Ban taɓa gudu a hanyar Zoza irin na ranar ba. Yaya yana gyaran rumbu. Na miƙa masa karan na faɗi saƙon. Ko haɗa su bai yi ba ya duba. Ya sa su a aljihu, ya wanke ƙafafunsa, ya hau bayana muka kamo hanyar Rogo.

Ya tsaya jim a bakin ƙofa, kamar yadda kowa kan yi kafin idonsa ya saba da duhun. Ya durƙusa nesa da tabarma ya yi gaisuwa. Baba ya dube ni kamar kullum ya ce, "Gaya wa wancan..." Sai ya juyar da kansa a kan matashi, a hankali, har idonsa ya sauka a fuskar Yaya.

"Kai," ya ce. "Ba kai ba ne. Ɗakin ne. Na gyara shi."

Yaya ya matso ya kama hannunsa. Ni na fita, na tsaya a rana ina kuka a tsakiyar kasuwa, da gemuna da komai, ban damu da wanda ya gani ba.

Baba bai ga ƙarshen daminar shekarar ba. Yaya ne ya yi jinyarsa, shi yake ɗaga shi, shi yake ba shi kunu, kuma a 'yan watannin nan sun yi hirar da ta fi ta duk shekarun baya. Nakan zauna bayan kanta in yi kamar ina ƙulla sukari, ina saurarensu suna musu a kan irin masara.

Bayan sadakar bakwai na ɗauki Yaya muka je Karaye in damƙa masa makullansa. La'asar ce, inuwar darbejiya ta rufe kwanon gaba ɗaya. Ya shiga ya ɗaga kai ya dubi silin, ya dubi tagogin sama, ya ɗora tafinsa a bangon yamma ya daɗe bai ɗauke ba. Ya zagaya bayan firji ya leƙa wutar, tana nan ƙarama shuɗiya.

"Ya yi sanyi," ya ce.

"Ya yi."

Ya zaro karan nan biyu daga aljihu, ashe suna tare da shi, ya ajiye su a kan kanta.

"Duk Juma'a bayan masallaci nakan zauna a bakin hanyar Zoza ina jiransa," ya ce. "Ko hannu Rabbana ya zo, wallahi da na biyo shi."